Ƙaura Bayan Ritaya Cikin Ciwon Ƙoda: Nazarin Lamarin Wani Dattijo da Iyalinsa

Wannan nazari ya shafi wani ma'aikaci da ya ajiye aiki yana da shekara 62, yana fama da ciwon suga da hawan jini waɗanda suka riga suka taɓa masa ƙoda, ya kuma tashi daga birnin da ya shafe fiye da shekara 30 yana aiki a cikinsa zuwa wani ƙaramin gari mai nisa, inda ya gina gidan da yake burin ƙarasa rayuwarsa a ciki. Ba a cika shekara biyu ba sai ga shi ya sake ɗaure kaya, wannan karon kuwa ba da son ransa ba. Ba za a ambaci sunansa ko sunayen garuruwan ba, domin abin da ya same shi bai keɓanta da wata ƙasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa a shekarar 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko fiye, kuma a 2050 yawan waɗannan mutane zai kai biliyan 2.1. Da yawa daga cikinsu za su zaɓi inda za su zauna bayan ritaya a daidai lokacin da jikinsu ya fara neman asibiti fiye da yadda ya taɓa nema.

Yanayin da ake ciki kafin tashi

Gidan da dattijon yake zaune a birni na wurin aikinsa ne, saboda haka ranar ritaya ita ce kuma farkon wa'adin tashi. Ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya yi kusan shekara goma yana gina nasa gidan kaɗan-kaɗan daga albashinsa, a garin da ya zaɓa saboda sauƙin rayuwa da rashin hayaniya. 'Ya'yansa uku ne. Babbar tana aure a wani birni matsakaici mai babban asibiti, na biyu yana aiki a ƙasar waje, autan kuwa bai gama karatu ba. Matarsa tana da shekara 57, ita ma tana shan maganin hawan jini, kuma tun da aka gano ciwon sugan mijinta ita ce mai riƙe da katin asibiti da lissafin magunguna.

Saura kimanin wata goma ya yi ritaya aka yi masa gwajin jini, aka ga ƙodarsa ta yi rauni sosai. Likitoci suna auna ƙarfin ƙoda da wani lissafi da ake fitarwa daga yawan sinadarin kiriyatinin da ke cikin jini, wanda yake nuna yawan abin da ƙodar take iya tacewa a minti ɗaya. Lafiyayyen matashi yakan samu 90 ko fiye. Idan lambar ta sauko tsakanin 15 da 29, ciwon ya kai mataki na huɗu, idan kuma ta gaza 15 an shiga mataki na biyar, wato inda ake fara shirin wankin ƙoda ko dashe. Ta dattijon ta nuna 24. Likitan ƙoda ya dakatar da maganin suga na metfomin, wanda ba a ba da shi idan lambar ta gaza 30, ya mayar da shi kan allurar insulin, ya ce ya riƙa dawowa duk bayan wata biyu zuwa uku, sannan ya sanar da shi cewa nan gaba kaɗan za a bukaci yi masa ƙaramin aiki a hannu domin a shirya jijiyar da za a riƙa wankin ta cikinta.

Dattijon ya ji duk wannan bayani, amma abin da ya zauna masa a rai shi ne cewa lokacin wanki bai yi ba tukuna. Ba za a ga laifinsa sosai ba, domin ciwon ƙoda yakan yi nisa mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abincinsa, yana zuwa aiki, babu abin da yake masa zafi. Wanda bai ji komai a jikinsa ba, da wuya lambar da ke kan takarda ta sa shi rushe shirin shekara goma.

Hanyoyi uku ne a gaban iyalin. Za su iya kama haya a birnin da likitansa yake, su ci gaba da zama a can da kuɗin fansho wanda bai kai albashi ba. Za su iya komawa kusa da babbar 'yar, inda asibitin yake da sashen ƙoda da injunan wanki. Ko kuma su tare a sabon gidan, wanda tsakaninsa da cibiyar wanki mafi kusa tafiyar kusan awa huɗu ce a mota. An yi ta tattaunawa har tsawon makonni, sai dai duk maganar a kan gida take yawo: tsadar haya, asarar barin sabon gini a kulle, da nauyin da dattijon yake jin zai ɗora wa surukinsa idan ya koma garinsu. Babu wanda ya ɗauki waya ya tambayi likitan ƙodar abin da nisan awa huɗu zai zama wa mutumin da lambarsa take 24. Shi kuma likitan ya ji zancen tashin ne a ziyarar ƙarshe, bayan an riga an tura kaya.

A 1987 wasu masana zamantakewa biyu na Amurka, Eugene Litwak da Charles Longino, sun bayyana cewa ƙaurar tsofaffi takan zo iri uku. Ta farko ita ce wadda ake yi jim kaɗan bayan ritaya, da sauran ƙarfi, domin neman wuri mai daɗin zama. Ta biyu ita ce komawa kusa da 'ya'ya ko dangi idan jiki ya fara gazawa. Ta uku ita ce shiga wurin jinya idan larurar ta fi ƙarfin iyali. Abin da ya faru da wannan dattijo shi ne ya yi ƙaura irin ta farko alhali jikinsa ya riga ya kai matakin ta biyu. Gidan an tsara shi ne tun yana da shekara 52 yana cikin ƙoshin lafiya, aka kuma aiwatar da tsarin yadda yake ba tare da an sake duba shi ba.

Watannin da babu likita

Rayuwa ta yi wa dattijon daɗi a watannin farko. Yana barci sosai, yana zagaya gidansa da safe, ya huta da cunkoso da gaggawar ofis. A wannan lokacin ne kuma jinyarsa ta yanke ba tare da kowa ya yanke shawarar yanke ta ba. An ba shi gajeriyar takarda daga tsohon asibitinsa, amma ba a rubuta ta zuwa ga wani likita takamaimai ba, ba a kuma haɗa da jerin sakamakon gwaje-gwajensa na baya ba, wanda shi ne zai nuna wa sabon likita saurin da ƙodar take sauka. Ƙaramin asibitin garin yana iya auna hawan jini da suga, amma ba shi da likitan ƙoda. Ranar komawa tsohon asibitin ta zo ta wuce saboda nisa da gajiya, ta biyun ma haka, maganar aikin jijiyar hannu kuwa ta bi ruwa.

Abubuwa biyu sun faru a wannan tsakanin waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, gwiwoyinsa sun fara ciwo saboda yawan tsayuwa wajen ƙarasa gyare-gyaren gida, sai ya riƙa sayen diklofenak da ibufurofen yana sha kusan kullum. Irin waɗannan magungunan kashe zafi suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma suna cikin abubuwan farko da ake hana mai ciwon ƙoda. An gaya masa haka a baya, amma sunan magani ɗaya aka ambata masa, shi kuma wanda ya saya da wani sunan kamfani ya zo.

Na biyu ya fi ban tausayi. Sugansa ya fara sauka, har wasu ranaku yana tashi da rawar jiki da gumi, sai iyalin suka yi murna, suka ɗauka natsuwar sabon wuri ce take warkar da shi. Gaskiyar lamarin ita ce ƙoda tana cikin gaɓoɓin da ke fitar da insulin daga jiki, saboda haka idan ta ƙara rauni sai allurar ta daɗe tana aiki, sugan ya riƙa faɗuwa. Alamar da iyalin suka karanta a matsayin sauƙi ita ce alamar cewa ciwon ya ci gaba. Duk likitan da ya san tarihinsa da ya gane haka a zama ɗaya, ya rage allurar, ya kuma nemi gwajin ƙoda nan take. A ganina wannan shi ne babban abin da ƙaura take raba majinyaci da shi: mutumin da ya san yadda jikinsa yake a da, wanda zai lura idan wani abu ya sauya. Ana iya samun asibiti a ko'ina, amma irin wannan sanin sai an miƙa shi hannu da hannu, da cikakken rubutu da kuma magana tsakanin likita da likita.

Wajen wata na tara ƙafafunsa suka kumbura, ya daina sha'awar abinci, ya fara amai da safe, sannan numfashi ya riƙa yi masa wuya idan ya kwanta. Da aka kai shi babban asibiti cikin dare, lambar ƙodarsa ta gaza 10, ruwa ya taru masa a huhu, kuma sinadarin fotashiyam ya hau a jininsa har ya kai inda zai iya rikita bugun zuciya. Aka fara yi masa wankin gaggawa.

Wanki sau uku a mako, tafiyar awa huɗu

Tun 1966, lokacin da likitoci Brescia da Cimino da abokan aikinsu suka bayyana dabarar haɗa jijiyar da ke kai jini da wadda ke mayar da shi a hannu, wannan haɗin ya zama hanyar da aka fi aminta da ita wajen wankin ƙoda. Sai dai bayan an yi aikin, jijiyar tana bukatar aƙalla mako shida, wani lokaci ma watanni, kafin ta yi ƙwarin da za a riƙa soka mata allura. Dalilin da ya sa likitan farko ya so a yi shi da wuri ke nan. Da yake ba a yi ba, dole aka sa wa dattijon roba a babbar jijiyar wuya, wadda aka san ta fi saurin kawo ƙwayoyin cuta cikin jini. Kafin wata biyu kuwa ya kamu da zazzaɓi mai tsanani ta dalilinta, ya sake kwanciya asibiti.

Da aka sallame shi sai ainihin matsalar nisan ta fito fili. Wankin ƙoda da inji yawanci sau uku ake yi a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma majinyaci yakan tashi daga kan injin a gajiye, wani lokaci da jiri. Idan aka haɗa da awa huɗu zuwa da awa huɗu dawowa, rana guda ta tafi ɗungum, washegari kuma ta tafi a hutun gajiya. Kuɗin mota da na direba da na kwana a hanya suka fara cin garatutin da aka ajiye. Ba da daɗewa ba iyalin suka mayar da wankin sau biyu a mako, wani makon ma sau ɗaya, ba tare da sun gaya wa likita dalili ba, domin dattijon ba ya son a san cewa hannunsa ya fara gazawa.

Wannan ragi yana da hatsarin da bincike ya tabbatar. A 2011 mujallar likitanci ta New England ta wallafa nazarin da aka yi a kan majinyata fiye da 32,000 a Amurka, inda aka ga cewa ko a tsakanin masu yin wanki sau uku a mako, mace-mace da kwanciya asibiti saboda zuciya sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan dogon hutun ƙarshen mako, wato lokacin da ake kwana biyu ba wanki maimakon ɗaya. Idan tazarar kwana ɗaya da aka ƙara tana da wannan tasiri, ana iya kwatanta abin da tazarar kwana biyar ko shida za ta yi, tunda ruwa da fotashiyam ba sa daina taruwa don mutum bai samu mota ba. Wani binciken na ƙasashe da dama da aka wallafa a 2008 ya kuma nuna cewa waɗanda tafiyarsu zuwa wurin wanki ta wuce awa ɗaya sun fi fuskantar mutuwa da ƙuncin rayuwa a kan waɗanda suke kusa. Dattijon sau biyu ana kai shi asibiti cikin gaggawa da ruwa a huhu a cikin wata huɗu.

An duba ko akwai hanyar da za ta bar shi a gidansa. Akwai wankin da ake yi ta cikin ciki, inda ake zuba wani ruwa na musamman ta roba, a bar shi ya ɗan jima, a fitar, kimanin sau huɗu a rana ko kuma da ƙaramin inji cikin dare. Wannan hanya tana dacewa da mutanen da ke nesa da asibiti, amma tana bukatar tsafta mai tsanani, da tabbacin cewa jakunkunan ruwan za su riƙa isowa ba yankewa, da kuma ido da hannu masu kyau. Ciwon suga ya riga ya rage masa gani, wanda yake nufin duk aikin a kan matarsa zai faɗa, kuma cibiyar da yake zuwa ba ta da tsarin bibiyar masu yin irin wannan wankin a gida. Dashen ƙoda kuwa, likitan zuciya ya ga cewa sai an fara daidaita zuciyarsa kafin a yi maganarsa. Da an yi waɗannan tambayoyin tun lambarsa tana 24, da akwai lokacin shiri, da wataƙila ma an samu wata amsar daban.

Matar da ba a tambaya ba

A duk tsawon wannan lokaci hankalin kowa yana kan dattijon, alhali akwai majinyaciya ta biyu a gidan. Matarsa ba ta taɓa son ƙaurar ba, domin ƙawayenta da maƙwabtan da ta saba da su shekara da shekaru duk a birni suke, amma ta yi shiru saboda ta ga yadda gidan yake a ransa. A sabon garin ba ta da wanda za ta bar wa mijinta ko na awa ɗaya. Ita take auna ruwan da zai sha, ita take lura da gishiri, ita take yi masa allura saboda ba ya ganin lambobin sirinji, ita take zama a gefensa a mota da kuma wurin wanki, sannan ita take farkawa cikin dare ta saurari numfashinsa. Ta daina zuwa nata asibitin, maganinta ya ƙare ba ta saya ba, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a harabar wurin wankin, aka auna jininta aka ga ya hau matuƙa.

Ina ganin wannan ne wurin da iyalai suka fi yin kuskure da zuciya ɗaya. Idan ana lissafin ko majinyaci zai iya zama a wani wuri, ana lissafa asibiti da hanya da kuɗi, amma mai kula da shi ana ɗaukarta kamar wani abu tabbatacce da ba ya gajiya ba ya ciwo. Duk tsarin zaman dattijon a wannan gida a kan lafiyar mace mai shekara 57 da hawan jini ya tsaya, kuma ba a shirya abin da za a yi ba idan ita ce ta fara kwanciya. Faɗuwar tata ce ta sa babbar 'yar ta zo ta ga halin da ake ciki da idonta, domin a waya kullum amsar iyayen ita ce ana samun sauƙi.

Ƙaura ta biyu

'Yar ba ta fara da maganar gida ba. Ta nemi ganin likitan da ke lura da wankin mahaifinta tare da iyayen nata, ta roƙe shi ya faɗi a gabansu abin da zai biyo baya idan aka ci gaba da wanki sau ɗaya ko biyu a mako. Likitan ya faɗa ba ɓoye-ɓoye. Bayan sun fito ta ce wa mahaifin nata: "Baba, ba zan ce ka bar gidanka ba, amma ina so ka gaya mana abin da ka fi so a yi maka, ka kuma bar Mama ta faɗi nata." A ranar ne dattijon ya fara faɗin abin da yake tsoro, wato ya zama nauyi a gidan surukinsa, ya rasa ɗakin da zai rufe ya ce nasa ne. Matar kuma ta faɗi cewa ba za ta iya ƙara wata shida a haka ba.

Da aka gane cewa zama a ƙarƙashin wani ne yake gudu, ba garin 'yar ba, sai mafita ta samu. Aka kama musu ƙaramin gida na ƙasa, marar matakala, tafiyar minti 20 daga asibitin da kuma minti kaɗan daga gidan 'yar. Wannan karon jinyar ce aka fara kai wa kafin kaya. An tabbatar da cewa sabuwar cibiyar tana da gurbi a ranaku uku tsayayyu kafin a sa ranar tashi. An aika musu da sakamakon gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau, waɗanda cibiyoyin wanki suke nema kafin su karɓi sabon majinyaci, tare da bayanin nauyin da ake son ya tsaya a kai bayan kowane wanki, da jerin magungunansa, da tarihin zazzaɓin da robar wuya ta jawo masa. An duba ko inshorar lafiyarsa za ta yi aiki a sabon asibitin, aka gyara abin da ke bukatar gyara. An yi masa wanki na ƙarshe a tsohuwar cibiyar ana gobe tafiya, aka yi na farko a sabuwar a ranar da ta dace da jadawalinsa, ba a tsallake ko zama ɗaya ba. A wata na biyu aka yi aikin jijiyar hannu, bayan jijiyar ta yi ƙwari aka cire robar wuya. Ɗan da ke ƙasar waje ya ɗauki nauyin haya, autan kuma ya karɓi rakiya a ranakun da ba shi da darasi, domin mahaifiyarsu ta samu kwana biyu a mako da ba na jinya ba, ta kuma koma ganin nata likitan.

Jikin dattijon ya daidaita, amma ransa bai bi nan da nan ba. Ya yi watanni ba ya son magana, ba ya son fita, yana yawan cewa ya gina gida ya bar wa ƙura. A cikin shekara biyu ya rasa aikinsa da abokan aikinsa, ya rasa lafiyarsa, ya rasa gida sau biyu, kuma kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai ya isa ya karya zuciyar mutum. Ciwon damuwa yana da yawa a tsakanin masu wankin ƙoda, kuma sau da yawa ba a gane shi saboda alamominsa, kamar kasala da rashin cin abinci da rashin barci, suna kama da na ciwon ƙodar kansa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta lura cewa ya daina tambayar sakamakon gwajinsa, shi da yake rubuta kowace lamba a littafi, ta sanar da likita, aka haɗa shi da mai ba da shawara. Abin da ya taimaka masa sosai bayan haka shi ne mutanen da suke wanki rana ɗaya da shi, waɗanda a hankali suka zama abokan hirarsa.

Abin da ya rage a warware

Ba na ganin burin dattijon na zama a gidansa wauta ne, kuma ban yarda cewa duk mai ciwo mai tsanani dole ne ya tare a gindin asibiti ba. Mutum baligi mai hankali yana da haƙƙin ya fifita inda zuciyarsa take kwanciya a kan ƙarin watanni ko shekaru, matuƙar an gaya masa farashin abin da ya zaɓa, kuma wadda za ta ɗauki nauyin jinyarsa ta amince da bakinta. Akwai ma tsofaffi, musamman waɗanda suka haura 75 ko 80 kuma suke da wasu manyan cututtuka kamar na zuciya, da bincike ya nuna cewa wanki ba ya ƙara musu tsawon rai sosai, saboda haka wasunsu suna zaɓar a kula da su da magunguna da sauƙaƙa wahala ba tare da wanki ba. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a 2014 yana kira ga ƙasashe su sa irin wannan kulawa ta sauƙaƙa raɗaɗi cikin tsarin lafiyarsu. Wannan dattijo bai kai waɗancan shekaru ba, kuma wankin yana yi masa amfani a fili. Matsalar ƙaurarsa ta farko ita ce ya yi ta ba tare da ya san abin da yake sayarwa ba, likitansa bai san da ita ba sai a ƙurarren lokaci, matarsa kuma ba a nemi ra'ayinta ba.

Yanzu yana da shekara 65, yana wanki sau uku a mako, ana kuma ci gaba da duba zuciyarsa domin a ga ko za a iya sa shi cikin masu jiran dashe. Gidan da ya gina bai yarda a sayar ba, an ba da hayar ɓangare ɗaya, kuɗin yana shiga cikin jinyarsa. Yakan je ya kwana ɗaya a can lokaci-lokaci, bayan wankin ƙarshen mako, da sanin likitansa da kuma sharaɗin taƙaita ruwa sosai. Ya zauna da matarsa da 'ya'yansa da likitan, an rubuta abin da yake so a yi idan zuciyarsa ta ƙara rauni har wankin ya zama wahala fiye da amfani: a daina, a mayar da shi gidansa, a kuma shirya tun kafin lokacin wanda zai riƙa zuwa duba shi da magungunan da za su rage masa ƙuncin numfashi. Ya wakilta babbar 'yarsa ta yi magana a madadinsa idan ya kasa. Ɗan da ke ƙasar waje bai gamsu da wannan rubutu ba har yanzu, yana ganin a ci gaba da wanki ko ta halin ƙaƙa, kuma likitan ya nemi a sake zama da shi idan ya zo hutu domin ya ji bayanin daga bakin mahaifinsa.